Usur Ɗin Malam Zailani

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wata makarantar sakandare da ke Dutse an yi wani malamin motsa jiki, Malam Zailani. Mutum ne mai fara'a, sai dai ba ya ƙaunar gumi. Kullum cikin gogaggiyar shadda yake zuwa, usur ɗinsa kuwa ya rataye shi a tagar ofis ya manta. Idan lokacin darasinsa ya yi, sai ya tsare yara a aji ya rubuta musu ma'anar gudu a allo, su haddace.

A cikin ɗalibansa akwai Misbahu, ɗan Ringim, wanda tun a firamare ba a cin masa a tsere. Burinsa ɗaya ne: a zaɓe shi cikin masu wakiltar jiha a gasar makarantu, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe.

"Malam, don Allah a fita da mu fili mana," in ji Misbahu. "Ƙarangiya ta cinye shi fa."

"Cikin ranar nan? So kake ka kashe ni? Zauna ka kwafi abin da ke allo."

Ya sake roƙo, ya sake, har abokansa suka laƙaba masa Sarkin Naci. Ko ya so fita shi kaɗai, daga aji sai darasin yamma, sai magariba. Jikin yaran ya yi nauyi; ɗan hawan dutse kaɗan sai haki.

Ana saura kwanaki gasar, shugabar makaranta ta ce a fito a gwada mata. Malam Zailani ya ɗauko usur ya busa. Shiru. Ya cika kumatu ya sake, shiru. Ashe zanzaro ya gina ɗaki a ciki, ya toshe shi da laka. Yara suka fashe da dariya. Shugabar ba ta yi ba.

Ranar gasa Misbahu ya fita kamar da. Zagayen farko yana gaba. A na biyu numfashinsa ya sarƙe, ƙafa ta riƙe, aka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya zube a gefen fili yana kallo aka kira sunayen wasu a matsayin wakilan jiha.

Malam ya matso yana tattare bakin rigarsa kada ta yi ƙura. "Haba Misbahu! Ban koya muku ba?"

Yaron ya ɗago, idonsa jawur. "Ka koya mana, Malam. Har yanzu zan iya kawo maka ma'anar gudu da ka. Ƙafafuna ne ba su taɓa shiga ajinka ba."

An sauya Malam Zailani da wani. Amma Misbahu ya gama makaranta, damarsa ba ta dawo ba.

To jikokina, jiki ba ya karatun allo. Sai an motsa shi yake ƙarfi. Wanda aka damƙa wa amanar yara kuma ya yi lalaci, ba shi yake fara ɗanɗana asarar ba, su ne.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus kan ɗan kusu.