Shafi Goma Sha Ɗaya Babu Amsa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar na firamare, jikata ce, wadda malamin lissafinsu ya laƙaba wa suna "Anjima". Na riƙe ranar: Talata, sha huɗu ga watan Janairu, a wajen taron safe. Ya ɗaga littafinta sama ya ce, "Ku ga Anjima, shugabar malalata!" Makaranta ta kwashe da dariya. Sunan ya biyo ta har gida, ƙannenta ma da shi suke kiranta.

Ba zan ɓoye laifinta ba. Tana jan ƙafa da aikin gida. In ta dawo sai ta feƙe fensir, ta goge tebur, ta sha ruwa, ta sake feƙe fensir.

Uwarta ta ce, "Kin yi aikin?"

"Anjima, Umma."

Da safe kuma sai ciwon ciki, ido taf da hawaye.

Ranar da ta ce ita da makaranta sun rabu ke nan, uwar ta kawo min ita da littafin.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, ina duba littattafan yara, ban taɓa ganin irinsa ba. Shafi goma sha ɗaya. Kowanne da kwanan wata, da kan darasi, an ja layi da rula tsaf, an rubuta lamba ɗaya, an sa ɗigo. Daga nan fari fat.

Na ce, "Ke, malalaci ba ya jan layi haka. Me ke tare ki a lamba ɗaya?"

"Kai Kaka, ka cika bincike kamar ɗan sanda."

"Na yi ritaya, ba ni da wani aiki sai ke."

Ta murza gefen rigarta ta ce, "Wanda bai yi ba, bulala biyu ce, shi ke nan. Wanda ya yi ya faɗi, Malam karanta amsarsa yake da ƙarfi, yana maƙale murya, kowa na dariya. Gara bulalar."

Sai da na cire tabarau na goge. Ashe kullum yarinyar nan zama take ta fara, tsoro ya riƙe mata hannu.

Na miƙa mata fensir na ce, "Yi min lamba ɗaya. Kuma so nake ki faɗi. In kika ci, mun ɓata."

Ta yi dariya, ta sunkuya. An ce ta raba 618 gida shida, ta samu 13. Ta ɗago tana jiran abin da ta saba ji.

Na ce, "Madalla. Sifili ɗaya ne ya tsere miki a tsakiya. Kamo shi."

Ta kamo shi: 103. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku, ba ta ko dube ni ba. Minti ashirin ta gama shafin.

"Kaka, dama shi ke nan?"

"Shi ke nan, uwar ɗakina."

Ta koma makaranta, tana kai aikinta. Amma har yau in ta shiga aji akwai mai raɗa "Anjima", ita kuma ta sunkuyar da kai.

Sau biyu na je wurin malamin. Ya ce wasa yake. Malam, na riga ka riƙe alli, na san wasa. Ba na son haƙuri a ofis, a bayan ƙofa. A taron safe ka sa mata sunan, a nan za ka tsaya ka ba ta haƙuri, ka kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata.

Darasi: Yaron da ke cewa "anjima" sau da yawa tsoro ke cinsa. Kafin ka kira shi malalaci, buɗe littafinsa ka ga inda ya tsaya, ka tambaye shi dalili. Ku tura wa iyaye da malamai, har ya kai ga wanda nake jira.