Wayar Sarkin Ruwa Barmo

An ce a wani ƙauyen masunta da ke gaɓar Kwara an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Barmo, mutum ne mai zuciya, in ya ce a'a ko kada ba ya sa shi ya canza magana. Ɗansa ɗaya ne, Talle. Wata rana suka saɓa a kan jirgi, Talle ya tattara komarsa ta kamun kifi ya nufi Tafkin Cadi, bai bar wa uban komai ba sai 'yar ƙaramar waya.

Barmo bai iya boko ba, 'yarsa Tabawa ke karanta masa saƙon Talle. Kowane saƙo ya shigo sai ya ce a adana, har wanda ya zo daga ƙarshe mai cewa, "Baba, kada ka jira ni." Daga nan shiru. Sai dai wani ɗan zane ya riƙa ƙyaftawa a goshin wayar. Tabawa ta ce, "Baba, kawo in duba." Ya ce, "Kul! Kada ki ɓata mini maganar yarona." Kewa ta ci shi har ya rame, amma bakin nan bai yarda ya faɗa ba.

Ran nan da hantsi yana zaune gindin doguwar sandar sabis ɗin waya da ke bayan gari, sai wata tsohuwar shamuwa da ta yi sheƙa a kanta ta sauko. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kullum kana kallon abin nan kamar mai jiran tukunya ta tafasa ba wuta. Ka san labarin bayi biyu da ke cikinsa?"

Barmo ya ce, "Ban sani ba. Yaya labarinsu yake?"

Shamuwa ta ce, "A cikin kowace waya akwai bayi biyu, kowanne bai kai ƙwayar gero goma ba. Ɗaya Mai-Sauraro, ɗaya Mai-Umarni. Mai-Sauraro kunne gare shi, amma ba ya motsi sai an sa shi. Mai-Umarni ne ke tashinsa daga barci, ya ce masa ga hanyar da zai kasa kunne. Shi kuwa sai ya tsince magana daga cikin hayaniyar iska, ya duba ko ta iso lafiya ba gutsure, ya ɗora ta a kan faifansa, ya ja igiyar ƙararrawa. Mai-Umarni ya zo ya ɗauke, ya kai rumbu, ya ce masa koma bakin aiki.

"To, wata rana saƙo ya taso, Mai-Sauraro ya ja igiya. Mai-Umarni ya ce, 'Rumbu ya cika, maigida kuma ya hana a taɓa ko zangarniya ɗaya. Gaya wa sanda ta riƙe mana.' Mai-Sauraro ya ce, 'Sanda ba ta riƙon amana har abada, kwanaki kaɗan ne ta zubar. Ina tsoron kada abin da ya sami Ladingo ya sami maigidanmu.' Mai-Umarni ya ce, 'Me ya sami Ladingo?'

"Mai-Sauraro ya ce, 'Ladingo matar wani falke ce, tulunta ɗaya tak. Ranar da mijin zai tafi fatauci, shi da kansa ya je rafi ya cika mata shi. Saboda so, ta rufe tulun ta ce ba mai sha, hannun maigida ne ya ɗebo. Aka shiga fari, rafi ya ƙafe. Da ruwan farko ya sauko, mata suka yi ta fito da tukwane suna tara, ita kuwa ta tsaya rungume da tulunta. Washegari ga miji ya dawo, maƙogwaro a bushe. Ta buɗe tulu, sai wari da tsutsa. A gidan maƙwabta ya sha ruwan sauka, ita tana tsakar gida tana kuka. Tulun da ke cike da ruwan bara ba ya tarar na bana.'

"Mai-Umarni ya ce, 'Ka yi gaskiya, amma ni ma bawa ne. Iyakata in kunna fitila a bakin ƙofa, ko maigida zai gani.' Ranka ya daɗe, fitilar ce ke ƙyafta maka ido tun kwanaki. Ba ɗanka ne ya yi shiru ba, wurin saukar baƙo ne babu."

Sai Barmo ya ƙwala wa Tabawa kira. Ta zo ta duba ta ce, "Baba, wayar ta cika, sai an share saƙo ɗaya. Wanne?"

Ya daɗe yana juya wayar a hannu. Duk cikin saƙonnin babu wanda ya fi sawa a maimaita masa kamar na ƙarshen nan mai ɗaci, har ya haddace shi. Ya ce, "Share wanda ya ce kada in jira shi. Na riƙe shi ya isa."

Ta share. Kafin ta ɗaga yatsa wayar ta yi ƙara. Tabawa ta karanta: "Baba, na iso Yawuri. Kunya ta hana ni ƙarasowa. In ka yafe mini, ka aiko. In na ji shiru har kasuwa ta watse ran Juma'a, zan koma inda na fito."

Barmo ya ce, "Yau wace rana?"

Tabawa ta ce, "Juma'a, Baba."

Ya dubi rana, ta kusa tsaka. Ya dubi shamuwa ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Allah ya tsare miki sheƙarki." Tabawa ta ce, "Wa za a aika?" Ya bar takalmansa nan gindin sanda, ya gangara gaɓa da gudu, ya kwance jirgin nan da suka yi faɗa a kansa.