Mutumin da Bai Kwance Goyo Ba

An yi wani mutum a nan bakin tafkinmu, 'yan uwana mata, wanda Allah ya ba aiki mai albarka. Shi ke tsayawa a ƙofar ɗakin yara na asibiti. Sista Nachisale, babbar nas ɗin wurin, ita ta koya masa aikin. Duk goyon da ya zo, a kwance zani, a dubi ƙirjin yaro, a taɓa tafin hannunsa, a kira shi a ga ko zai buɗe ido. Wanda numfashi ke gagara ko jikinsa ya saki, a shiga da shi nan take, ko da shi ne na ƙarshen zuwa. Mai sauƙi ya jira.

Da farko ya riƙe amana. Iyaye mata na yi masa addu'a a hanya. Ya koma gida da yamma, a ci nsima, tuwonmu na masara, da miyar busasshen kifi, a yi hira, a kwanta da rai fari.

Sai girma ya yi masa daɗi. Ya daina duban yaro, ya koma duban takalmin uwa. Matar ɗan sanda da matar mai shago su ne a gaba. Sista ta sha gaya masa cewa mai tsala ihu da sauran ƙarfinsa, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Ya ce idonsa ya ƙware, daga nesa yake ganewa. Ya 'yan uwa, wane ido ne ke huda zani?

Wata safiya da damina, wata mata ta sauko daga keken haya, ba takalmi, da goyo a lulluɓe.

Ta ce, "Baba, duba min shi, shirunsa ya yi yawa."

Ya ce, "To ki gode Allah, mai kifi, naki barci yake. Koma baya, kada ki cika mana ɗaki da ƙarni."

Ta je gindin mangwaro ta zauna, don an koya mata jin maganar manya. Sai da rana ta take Sista ta fito bin layi da kanta. Ta ɗaga zanin, ta suri yaron da gudu. Zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini. Aka yi ƙoƙari, amma lokaci ya wuce.

Kun san a wajenmu namiji ke tarewa a ƙauyen matarsa. Ɗan mutumin nan yana aure can tsallaken kogi. Uwar yaron, matar ɗan nasa, na kwance ba lafiya, sai ta aiko wata 'yar uwarta da mutumin bai sani ba ta kawo shi. Sai da aka buɗe fuskar gawar ya ga Twaibu, jikansa.

Bai jira a kore shi ba. Ɗansa bai sake taka gidansa ba. Ya zauna bakin ruwa yana ramewa, kafin girbi ya rasu.

Ni na yi jinyarsa. Mijina ne, Twaibu kuma jikana. Na yafe masa, ina roƙa masa gafara. Raina ya kwanta, don yanzu in na bi ta asibitin nan, ina ganin ana kwance kowane goyo, na mai takalmi da na marar takalmi.

Ya 'yan uwa, in Allah ya tsayar da ke a wata ƙofa, ki dubi wanda ya yi shiru. Ba ki san ɗan wa ke cikin zanin ba, kuma ko na wane ne, rai ne.

Allah ya jiƙan namu da suka rigaye mu. Allah ya kiyaye mu da girman kai.