Kunyar Suruki da Ƙofar Filin Ƙwallo

Akwai wani injiniyan gini a Jega Magaji mai suna Sagir, mutum mai sanyin murya, wanda ko taka shi ka yi, shi zai riga ka cewa yi haƙuri. Yana da ƙane guda ɗaya, Ammar. Su biyu kaɗai Allah ya bar wa mahaifiyarsu Inna A'i.

Ammar ɗan ƙwallo ne. Idan ya ɗauki ƙwallo ya bi gefen fili, kai ka ce ruwan farkon damina ne ya samu gangare. Mahauta kan bar nama a hannun yara su je kallonsa. Direbobi kan ƙi lodi sai an tashi wasa.

Shi kuwa Sagir yana auren Naja'atu, 'yar Alhaji Jibrin, babban dillalin albasa a Aliero. Alhaji mutum ne da ba a ƙarasa magana a gabansa. Kana fara ta zai karɓe, ya ƙarasa maka yadda yake so.

Wata shekara gwamnati ta saki kuɗi don a gina wurin horar da 'yan ƙwallo a tsakanin Jega da Aliero, inda samarin Jega da Aliero da Maiyama za su samu horo har manyan ƙungiyoyi su ɗauke su. Aka kafa kwamitin mutanen gari, aka ba Alhaji Jibrin shugabanci. Aka sa Sagir a ciki don ya duba zanen ginin, tunda aikinsa ne.

Zanen farko lafiya lau yake. Akwai ɗakin jinya a bakin fili, akwai babbar ƙofa da motar asibiti za ta shiga har kan ciyawa. Alhaji ya duba, ya ture takardar.

"To manya ina za su zamna? Cikin rana, awa 'yan talla?"

Ya sa aka mayar da ɗakin jinya rumfar manyan baƙi mai gilashi da na'urar sanyi. Babbar ƙofa ta koma bayan rumfar, ta motocin baƙinsa kaɗai. Sauran jama'a aka zana musu wata 'yar ƙofa mai lanƙwasa, mutum ɗaya-ɗaya, don kada wani ya shiga ba tikiti.

Da Sagir ya ga sabon zanen, idonsa ya tsaya a kan 'yar ƙofar. Ya san abin da ke ciki. Amma Alhaji surukinsa ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, gaisuwa ma sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ta yaya zai ce masa ka yi kuskure?

Sai ya bi hanyar da aka saba bi. Ya samu matarsa.

"Naja, don Allah ki hwaɗa ma Hajiya ta hwaɗa ma Baba. In anka bar ƙohwar ga haka, ran da yaro yah hwaɗi cikin hili babu ta inda mota za ta shiga. Zancen rai nike maki."

Naja'atu ta je gida, ta zauna kusa da mahaifiyarta Hajiya Tabawa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Hajiya, wai shi yac ce ko Baba zai ɗan duba zancen ƙohwa, kamar ta yi ƙunci."

Hajiya ta jira sai da Alhaji ya ci ya ƙoshi, ta ga fuskarsa a sake.

"Alhaji, yaron ga na gaisuwa. Ya yaba aiki ƙwarai. Wai dai ƙohwa..."

"Ta burge shi ko? Ni niz zaɓe ta da kaina."

"Ta yi, Alhaji."

Haka maganar rai ta bar bakin Sagir tana da nauyi, ta isa kunnen Alhaji ta zama gaisuwa.

Ranar zaman duba zane, wakilin gwamnati ya zo, aka shimfiɗa takarda a tebur. Mutumin ya ɗan tsaya a kan ƙofar, ya ɗaga kai.

"Injiniya, kai ka duba wannan. Akwai gyara?"

Sagir yana can ƙarshen benci, kansa a sunkuye. Alhaji yana jan carbi, yana murmushi.

"Ɗana na. Yi magana mana, Sagiru."

Wakilin ya sake tambaya. Sagir ya ce, "Babu gyara."

Aka tafa. Aka yi addu'a. Aka raba goro da lemo.

Da gini ya tashi, Ammar ya fara shiga ta ƙofar nan a kaikaice, jakarsa tana maƙalewa. Ya fito yana dariya.

"Yaya, wagga ƙohwa ta awaki ta? Wallahi Baba Alhaji da kanai in ya ci tuwo ya ƙoshi ba ya wuce ta."

"Kai, rufe bakinka, surukina na."

"Naka na, ba nawa ba. Ni matarka kawai nis sani, ita ma don tana ba ni ƙanzo."

Sagir ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wata ranar bazara da la'asar, masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga wata babbar ƙungiya. Fili ya cika. Alhaji Jibrin yana Maiyama wurin walimar aure, mabuɗin babbar ƙofa yana aljihun babbar rigarsa, don bai yarda kowa ya riƙe ba.

Ana cikin wasa aka bugo ƙwallo daga kwanar fili. Ammar ya tashi sama, mai tsaron gida ma ya tashi. Suka yi karo. Ammar ya sauko a kan wuyansa.

Mai horarwa, Koci Yahaya, ya ruga yana ihu, "Kar wanda yat taɓa shi! Kar a motsa wuya!"

Sagir ya durƙusa a kansa. Idon Ammar a buɗe.

"Yaya, ban jin ƙahwahuna."

"Za ka ji su. Mota na tahe."

Motar asibiti ta zo kuwa, ta tsaya a bayan babbar ƙofa tana kuka. An kira Alhaji, an kira, waya tana ta ƙara cikin hayaniyar biki. Samari suka samo ƙarfe suka yi ta dukan kwaɗo, kwaɗon da Alhaji yake alfahari da shi cewa ko ɓarawon birni sai dai ya kalla. Bai ko motsa ba.

Numfashin Ammar ya fara sarƙewa. Aka ɗora shi a kan benci a hankali, aka nufi ƙaramar ƙofa. Benci ya shiga, ya kai lanƙwasa, ya tsaya. Aka ja baya, aka karkata, ya ƙi. Ba yadda za a yi, aka sauke shi daga benci, wasu suka kama hannu, wasu ƙafa, aka naɗe shi kamar tabarma aka zagaya da shi.

Sagir ne yake riƙe da kan. A tafin hannunsa ya ji wuyan ya ƙara gocewa.

Bayan ƙofar nan Ammar bai sake magana ba. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Jama'a, yaron da ake cewa iska ba ta kamo shi, bango ne ya tare shi. Bangon da aka gina da kuɗin talakawa, aka tafa masa, aka sha lemo a kansa.

A wurin zaman makoki Alhaji ya iso da motoci. Aka matsa masa, ya zauna a tsakiyar tabarma.

"Sai haƙuri. Kwana na yaƙ ƙare. Ko a gado yake, da ya tahi."

Koci Yahaya ya kasa daurewa. "Alhaji, kwana na Allah na. Amma ƙohwa taka ta."

Fuskar Alhaji ta canza. "Ni injiniya na? Gabana anka tambaye shi, har sau biyu, yac ce babu gyara." Ya juya ga Sagir. "Kai, in ka san da matsala, mi yah hana ka hwaɗi?"

Tun da aka ɗaura masa aure Sagir bai taɓa kallon ƙwayar idon mutumin nan ba. Ranar ya kalla.

"Kunyarka, Baba. Kunyarka nij ji, nib bar ta tac ci ƙanena."

Sai ga muryar Naja'atu daga bayan zaure, kowa ya ji.

"Ya hwaɗi, Baba. Ni nir rage maganar, Hajiya ta ƙara ragewa, kai ko ba ka bari ta ƙare ba. Ba ka taɓa bari kowa shi ƙare ba."

Alhaji ya buɗe baki, ya duba hagu ya duba dama, yana neman wanda zai tsawata mata. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya miƙe, ya kaɗe riga. Mutumin da akan yi rububin raka shi mota ya taka shi kaɗai, ko yaro bai bi bayansa ba. Ba a jima ba aka sauke shi daga kwamitin, aka fasa bango aka buɗe ƙofa mai faɗi.

Amma kafin a kai ga fasa bango, a ranar makokin nan, da jama'a suka ragu, Sagir ya shiga ɗakin Inna A'i. Tana zaune a kan sallaya, ba ta kuka. Ta ji duk abin da aka faɗa a waje.

"Sagiru."

"Na'am, Inna."

"Tun ba a aza tubali ba kas sani?"

"Na sani, Inna."

Ta ɗago ta kalle shi. Sannan ta ce, "Ni nik koya maka sunkuyar da kai. Ban san har nan za ka kai shi ba."

Ta juya fuskarta ga bango.

Darasi: Kunya ado ce, amma idan rai yana kan hanya, shiru ba ladabi ba ne, cin amana ne. Wanda aka ba shi aikin jama'a ya duba, ya faɗi gaskiya da bakinsa a inda aka tambaye shi, ko gaban suruki ne, ko gaban uba, kada ya aika ta ta bakin wani. Kai kuma babba, idan kowa yana ce maka "ta yi", ka ji tsoron Allah ka tambayi kanka ko ka taɓa barin wani ya ƙarasa magana. Ku tura wa duk wanda kuka san yana zama a kwamiti ko yana sa hannu a kan aikin al'umma, ko Allah zai sa wata uwa ta tsira da ɗanta.