Ranar da Liman Zai Ba da Shaida

An ce wai a wani gari an yi wani tsohon alƙali, Malam Ɗahiru, wanda ya ajiye aiki bayan shekara talatin a kan kujera. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ka yi masa tambaya sai ka ɗauka bai ji ba, can kuma sai ya ba ka amsar da za ka wuni kana juya ta. Ƙungiyar mutanen garin takan ɗauki nauyin mutum ɗaya kowace shekara ya je ya zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lauya, kuma shi aka ɗora wa zaɓen. Jarrabawar nan ba ta hadda ba ce. Ana ba mutum sharuɗɗa ne a ce ya tsara ranaku ko mutane, a ga yadda hankalinsa yake tafiya.

A wata shekara aka tace masu nema har saura biyu, makinsu ya zo daidai. Ɗaya Nafi'u ne, saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa, ɗan tsohon aminin alƙalin. Ɗayar kuwa Safara'u ce, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana buga takardu a kotu, tana kallon lauyoyi suna shiga suna fita. Shekarunta sun kai iyakar da ƙungiya ta yanka, in ta rasa bana ta rasa ke nan har abada.

Mutane suka dami alƙali. Wannan ya ce a duba zumunci, wancan ya ce a tausaya wa baiwar Allah. Shi kuwa ya san in ya bi zumunci ya ci amana, in ya bi tausayi ma ya ci amana. Sai ya tara dattawan ƙungiya a zaurensa da hantsi, har da limamin Juma'ar garin, ya kira su biyun, ya miƙa wa kowa takarda.

Ya ce, "Ga tambaya ɗaya irin ta jarrabawarku. Kotu za ta saurari shaidu biyar daga Litinin zuwa Juma'a, kullum mutum ɗaya: liman, mahauci, ungozoma, direba da mai unguwa. Ungozoma ranar Talata za ta zo. Mai unguwa zai zo washegarin ranar da direba ya zo. Liman ba zai zo Litinin ba. To, wace rana liman zai ba da shaida?"

Kafin a gama raba goro Nafi'u ya ɗaga kai. Ya ce, "Baba, ai abin a fili yake. Litinin ba ta liman ba ce. Ba ta direba ba ce, don washegarinta ta ungozoma ce. Ba ta mai unguwa ba ce, don sai direba ya riga shi. Ta mahauci ce ke nan. Saura Laraba, Alhamis da Juma'a. Direba da mai unguwa a jere suke, saboda haka liman ko dai Laraba ko Juma'a. Liman kuwa ba ya barin masallaci ran Juma'a. Laraba ce."

Zaure ya ɗauki "Madalla!" Limamin garin ma ya yi dariya ya ce, "Wallahi yaron nan ya san ni. Ko sammaci aka kawo mini ran Juma'a, sai dai a jira Asabar."

Safara'u dai na duƙe, tana ja tana gogewa. Har wani dattijo ya fara kallon agogo. Daga ƙarshe ta ajiye biro, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ban san ranar ba. Na tsara shi ran Laraba, sharuɗɗa uku sun cika. Na tsara shi ran Juma'a, nan ma sun cika. Na nemi abin da zai kayar da ɗaya a cikin takardar nan, ban samu ba. Ni ma na san liman da Juma'a, amma ba a rubuta mini ba."

Wasu suka yi murmushin tausayi, suka ce a ransu shi ke nan, ta faɗi.

Alƙali ya dubi Nafi'u ya ce, "Ɗana, sharuɗɗa nawa na ba ka?"

Ya ce, "Uku, Baba."

"Da nawa ka yi aiki?"

Nafi'u ya duba takarda, ya sake dubawa, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Huɗu."

Alƙali ya ce, "Na huɗun daga gida ka zo da shi. Wa ya ce maka limamin Juma'a ne ba na unguwa ba? Wa ya ce ba shi da na'ibi? Ban ga laifinka ba, don duk zauren nan da kai suka tafi. Ni ma na taɓa tafiya. Ina sabon alƙali aka kawo mini wani manomi, Ɗanjuma, bisa zargin satar bijimi ran Juma'a. Ya rantse cewa a ranar yana wani ƙauye wurin jana'iza tare da limaminsu. Na ce ƙarya yake, liman ba ya tafiya ran Juma'a, ban ko aika a kira limamin ba. Na ɗaure shi. Sai da ya yi wata goma sha huɗu aka kama ɓarawon gaskiya. Ashe ƙanin liman ne ya rasu, na'ibi ya ja salla a ranar. Ɗanjuma ya fito ya tarar da damina ta wuce, gonarsa ta zama saura. Ya yafe mini, amma har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina."

Limamin da ya yi dariya ɗazu ya shiga jan carbinsa.

Alƙali ya juya ya ce, "Malama Safara'u, ki shirya, ke za ki tafi. Ba don shekarunki ba, ba don tausayi ba. Kin tsaya ne daidai inda hujja ta tsaya, alhali kin san tsayawar na iya raba ki da abin da kika yi shekara goma sha ɗaya kina nema. Kai kuma Nafi'u, ka dawo baɗi. Saurinka baiwa ce, linzami kawai take so."

Safara'u ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka mai isarta. Nafi'u ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, an ce bai taɓa yar da ita ba.

Saboda haka duk wanda za a ba amanar hukunci, ya tuɓe zatonsa a bakin zaure tare da takalmansa. Inda hujja ta ƙare, "ban sani ba" ita ce amsar da ba ta ɗaure kowa.