Takwarar 'Yar Kubura

Ku gyara zama, ga ta nan ta zo muku, amma yau ba mai tashi sai ya yi alƙalanci.

A wata tunga bakin gulbi, inda hazon safiya kan kwanta a kan ruwa har kwalekwale ya zama kamar a iska yake tafiya, akwai wata mace, Kubura, da ta haifi ɗanta na fari. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai, furen bado ya rufe gaɓa.

Iya Tasalla ungozoma ke yi mata wankan jego. Wata safiya, tururi ya lulluɓe su, ƙamshin ganyen darbejiya ya cika bayi, sai hannun tsohuwar ya ci karo da wani ƙullutu a maman hagu, bai wuce gujiya ba. Matan gida suka ce nono ne ya daskare, wace mai jego ce ba ta yi? Iya dai ta san daskararren nono yana da zafi kuma yana sakin jiki da ruwan ɗumi, wannan kuwa yana nan daram kamar tsakuwa, ba ciwo. Ta je ta shimfiɗa tabarma a zauren Ɗanjuma, mijin Kubura, ta ce ba inda za ta sai ya kwance kwalekwale. Da suka haye asibitin birni aka auna, likita ya ce sankara ce, amma an zo da wuri, aiki zai raba ta da ita.

To, a tungar nan kowa ya tashi yana jin cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Tsoro ya kama Kubura, ta ce ita kam a bar ta da jiƙo. Ta koma wuni a gaɓa tana kallon ruwa, a kira ta ba ta ji. Ana haka sai ga Hajiya Marka mai koko, wadda ake wa tsiya don ko rana na ƙuna ba ta rabuwa da babban mayafi. Ta ja Kubura ɗaki, ta saki labule, ta kwance ƙirjinta. Curin auduga ya faɗo, ga tabo ya warke sumul.

"Duba da kyau, 'yata," in ji ta. "Ƙarfe ya taɓa ni tun kina rarrafe, ga ni nan ina dama kokona."

Asirin da ta yi shekaru tana ɓoyo kenan, kashegari kuwa ya zaga gari. Kubura ta amince.

Saura jariri. Likita ya hana shayarwa saboda magani, yaro kuma ya ƙi madarar gwangwani, ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Kubura ta rantse ba za ta haye gulbi ta bar shi da yunwa ba. Maƙwabciyarta Lantana, mai goyon 'ya mace, ta miƙo hannu ta karɓe shi, alhali tun ranar suna take burin haɗa yaran nan aure, ta kuma san nono ɗaya zai mai da su wa da ƙanwa har abada. Watanni tana shayar da biyu, wuyanta ya zurma, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Aka yi aiki, gashin Kubura ya zube saboda magani, ya sake tsirowa. Ta dawo gida da ƙafarta. Bayan wasu damuna Allah ya ba ta 'ya mace, Ɗanjuma ya ce ita za ta zaɓi wadda za a yi wa takwara. Ga liman a zaure yana jira, ga rago a ɗaure, suna kuma ɗaya ake raɗawa.

To, ku faɗa mini: Tasalla, Marka ko Lantana, sunan wa ya fi cancanta a raɗa wa yarinyar nan?