Ɓera da Cukun Inna Tabawa

Dalilin da ya sa ɓera ba ya zama kan abu guda ya ci ya ƙoshi, sai dai ya bi kayan ɗaki yana gutsurar kowanne ta gefe, shi nake so in gaya muku yau. Ku matso, ku ƙyale kajin nan su sarara. Kun taɓa lura kuwa? Ya taɓa dankali, ya taɓa ƙuli-ƙuli, har sabulu ba ya bari, kowanne ɗan mitsitsi. Mai jin yunwa ba ya cin sabulu. Wannan ɗanɗane ne, kuma yana da asali.

A can da, mutane ba sa rataye komai a ɗaki. Kuka, daddawa, kanwa, man shanu, duk a ƙasa suke zaune cikin ƙore da tukwane a jikin bango. A wani ƙauye na ƙasar Damargu akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, gwanar yin cuku. Madarar awaki take daskarewa, ta shimfiɗa ta fale-fale kamar tafin hannu, ta shanya har ta bushe ƙarau. Sai dai tsufa ya kashe mata hanci. Ko daddawa aka kai mata bakin hanci, cewa take iska ce kawai.

Ɓera ne ke yi mata aikin hanci, tana kiransa Auta. Kullum da safe zai zagaya kayan ɗakin, ya gutsuri kowanne kaɗan, ya zo gabanta ya tsuguna.

"Inna, kukar nan ta ja raɓa, a kai ta rana."

"To, Auta. Man shanun fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Amma bari in sake dubawa."

"Kai, tafi can! Sake dubawar nan taka ce ta kai mini ƙwarya rabi."

Sai ta yi dariya ta ɓantaro masa gefen cuku. Ladansa ke nan, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa a raminsa na gindin bango.

Wata shekara ɗanta Mati ya ƙudura bin ayarin gishiri bayan kaka, tafiyarsa ta farko. Madugu kuwa ba ya ɗaukar wanda bai zo da guzurinsa ba, don a hamada babu kasuwa, babu maƙwabci. Cuku ne guzurin da ba shi da nauyi kuma ba ya lalacewa. Saboda haka daminar nan kaf Inna ta hana kanta shan madara. Tana tatsa, tana shanyawa, tana jerawa a babbar tukunya, har ta cika. Kafin nan nonon awakin ya fara janyewa. Abin da ke cikin tukunyar shi ke nan, babu wani sai baɗi.

Ran nan aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, Inna da Mati suka tafi gaisuwa, za su kwana can. Da za ta fita ta ce, "Auta, ga ɗaki nan."

Da azahar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar ba za a daina ba. Jinka ta fara yoyo daidai kan tukunyar, ruwan yana bin faifan da aka rufe ta da shi yana shiga. Ɓera ya hau, ya ture faifan, ya gutsuri na sama. Ya jiƙe. Ya gutsuri na ƙarƙashinsa. Shi ma ya fara laushi. Ya ruga ƙofa yana kiran Inna, ruwa kawai ke amsa masa.

Ya tsaya ya yi tunani irin na ɓeraye: ina ne wurin da ya fi ko'ina aminci a duniya? Raminsa mana.

Ya jawo cuku guda zuwa bakin ramin, cukun ya ƙi shiga. Ya juya shi ta gefe, ya tura da ka, ya tura da baya, ina! Cuku da faɗi, rami da ƙanƙanta. Sai dabara ta faɗo masa. "In na farfasa shi ƙanana ai zai shige. In Inna ta dawo sai ta haɗa abinta, ita da ta san yadda aka yi shi."

Haka ya kwana yana gutsura yana kaiwa, har haƙoransa suka yi tsami. Yunwa ta ci shi, bai haɗiye ko ɗigo ba, 'ya'yansa ma ya hana su. Da tukunya ta zama wayam sai ya faɗi a bakin ramin yana haki, ransa fari tas. Bai san ruwan da ya taru a bayan ɗaki ya riga ya samu hanya ta ɗaya bakin ramin ba.

Washegari Mati ne ya fara shiga. Ya leƙa tukunya, ya ga ɓurɓushi ya yi layi zuwa gindin bango, ya rarumi muciya.

"Ɓarawo! Yau sai na fasa kanka!"

"Ajiye muciyar nan," in ji Inna. "Auta, fito ka gaya mini."

Ɓera ya fito jikinsa duk laka, ya faɗi yadda aka yi. Inna ta ɗora shi a tafinta, ta shafa cikinsa da yatsa. Cikin ya lafe kamar na mai azumi.

"Bai ci ba," ta ce.

Mati ya kawo fartanya ya tone ramin. Babu cuku, sai wani farin caɓi da ya cakuɗe da ƙasa. Ya zauna a wurin ya dafe kai. Inna ta daɗe tana murza caɓin a yatsunta, sannan ta ce a hankali, "Da ka bar shi yadda yake, Auta, ai rana ce maganinsa."

Bayan kaka ayari ya tashi babu Mati. Yana tsaye a bakin gari yana kallon raƙuma har suka ɓace. Ɓera yana hango shi ta ƙarƙashin danga.

Inna ba ta kori ɓera ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. Ta dai samo rama ta tufka igiya, ta saƙa mata wurin zaman ƙwarya, ta sa Mati ya ɗaure a sama inda babu yoyo. Ita ce ragaya ta farko. Da damina ta zagayo, can aka ɗora sabon cuku.

Ɓera ya zo da safe, ya ɗaga kai yana kallon ƙwaryar tana lilo.

"Inna, ta ina zan hau in ɗanɗana?"

"Ba sai ka hau ba, Auta. Ka huta."

Da muciyar Mati ce ta same shi, da ta fi masa sauƙi. Ya juya ya shige rami, kuma daga ranar bai sake yarda sun haɗa ido ba.

Shi ya sa har yau ake rataye abin da ake ji da shi a ragaya, shi kuma ɓera yake jira sai idon mutane ya kau, ya fito ya bi kayan ɗaki yana gutsura kaɗan-kaɗan, yana aikin da babu wanda ya sa shi. Ku dai rufe tukwanenku. Amma in kun ga ya ruga ta jikin bango kansa a sunkuye, ba tsoronku ne kaɗai ya kore shi ba. Kunyar Inna Tabawa ce har yanzu ba ta sake shi ba.